An sallami Ten Hag, Amorim ya kama aiki: shin matsalar Manchester United ta koci ce? (Tattaunawar Nuwamban 2024)

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar Litinin 28 ga Oktoban 2024 da hukumar Manchester United ta sallami kocinta Erik ten Hag saƙonni suke ta shigowa a warwatse, wannan yana murna, wancan yana huci, har ta kai ba a gane wanda yake amsa wa wani. Yanzu da Ruud van Nistelrooy ya kammala riƙon ƙwaryarsa na wasa huɗu, Ruben Amorim, wanda aka ɗauko daga ƙungiyar Sporting ta Fotugal, kuma ya kama aiki ranar 11 ga Nuwamba, na ga ya dace mu tattara maganar wuri guda. Shin korar ta dace, kuma me ya kamata mu sa rai da shi daga sabon kocin? Ina roƙon duk wanda zai yi magana ya zo da hujjarsa, a kuma kiyaye mutuncin juna.

Ɗan Stretford:
Wa alaikumus salam, Shugaba. Ni a wurina korar ta dace, abin da ya ɓata mini rai kawai shi ne jinkirin da aka yi. Mutumin nan ya kammala kakar 2023/24 a mataki na takwas, wanda shi ne mafi ƙasƙanci da ƙungiyar ta taɓa yi tun da aka fara gasar Firimiya, an doke mu sau 14, ƙwallayen da aka zura mana kuma sun fi waɗanda muka zura yawa. A gasar Zakarun Turai mu ne muka zo na ƙarshe a rukunin da yake da Copenhagen da Galatasaray. Da aka shiga sabuwar kaka, Liverpool ta zo Old Trafford ta ci mu uku babu ko ɗaya, Tottenham ta biyo bayanta ta yi mana irin wannan cin, kuma ranar da West Ham ta doke mu muna mataki na 14 da maki 11 daga wasa tara. Na yarda cewa fenaritin da aka ba West Ham a ƙarshen wasan abin jayayya ne, amma ba fenariti ɗaya ne ya kai mu mataki na 14 ba. Abin da ya fi damuna shi ne, bayan shekara biyu da wata uku, babu wanda zai iya gaya maka salon wasan da ƙungiyar take bugawa. 'Yan gaba suna matsa wa abokan hamayya a can sama, 'yan baya suna ja da baya, tsakiyar fili kuma a buɗe take ga duk wanda ya ga dama.

Tsohon Magoyi:
Ɗana, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ka bar wasu abubuwan a baya. Wannan kocin ne ya ɗauko Kofin Carabao a 2023 bayan shekara shida ƙungiyar ba ta ɗaga komai ba, ya zo na uku a kakarsa ta farko, sannan a watan Mayun 2024 ya doke Manchester City da ci biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na Kofin FA, kuma yara biyu da suka taso a ƙungiyar, Garnacho da Mainoo, su ne suka ci ƙwallayen. Mu da muka ga farkon zuwan Alex Ferguson mun san abin da haƙuri yake haifarwa. Ya zo a watan Nuwamban 1986, ya gama a mataki na 11 har sau biyu, a kakar 1989/90 ma ya gama a na 13. A ƙarshen 1989 akwai magoya bayan da suka ɗaga ƙyalle a filin wasa suna cewa shekara uku ta uzuri ta isa, ya kama hanya. Da an biye musu, da babu kofin Firimiya 13 da kuke alfahari da su yau. Ƙwallon da Mark Robins ya ci Nottingham Forest a Janairun 1990 ce ta buɗe hanyar kofin farko, kuma abin mamaki, shi kansa Robins ɗin Coventry ta sallame shi daga aikin koci a farkon Nuwamban 2024, wata bakwai kacal bayan ya kusa fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA. Haka aikin ya koma, ba a ƙara jiran kowa.

Ɗan Stretford:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma misalin Ferguson ya sha wahala a hannunmu. An kawo shi a kan Moyes, an kawo shi a kan Solskjaer, yanzu ga shi a kan Ten Hag. Ferguson ya zo ne bayan ya karya mamayar Celtic da Rangers da ƙungiyar Aberdeen, ya kuma doke Real Madrid a wasan ƙarshe na kofin Turai na Cup Winners' Cup a 1983, sannan a shekarunsa na farko yana gyara makarantar horar da matasa da tarbiyyar 'yan wasa, hukumar tana ganin aikin da idonta. Ba kowane kocin da yake shan kashi ne yake gina wani abu a ɓoye ba. Wasan Coventry ɗin da ka ambata ma hujja ce a kansa, domin muna gaba da uku babu ko ɗaya ƙungiyar da take rukuni na biyu ta farke duka, da ƙyar muka sha a bugun fenariti.

Mai Lissafi:
Ina ganin Baba da ɗan'uwana suna jayayya a kan ko Ten Hag ya cancanci ƙarin lokaci, alhali ba nan gizo yake saƙar ba. Ku dubi yadda hukumar ta tafiyar da lamarin daga watan Mayu zuwa Oktoba. Bayan wasan ƙarshe na Kofin FA, mutanen Jim Ratcliffe, waɗanda suka karɓi ragamar harkar ƙwallon ƙungiyar a farkon 2024 bayan sayen kaso sama da ɗaya bisa huɗu na hannun jari, sun shafe makonni suna nazari, kuma duniya ta san sun tattauna da wasu masu horarwa. Daga nan suka dawo suka ce ya ci gaba, a watan Yuli suka ƙara masa shekara guda a kwantiraginsa zuwa 2026, suka sauya masa mataimaka, suka kashe kusan fam miliyan 200 wajen sayo Yoro da Zirkzee da De Ligt da Mazraoui da Ugarte. Ƙasa da wata huɗu bayan haka suka kore shi. Ke nan dole su biya shi diyyar kwantiragin da su da kansu suka tsawaita, su kuma biya Sporting kimanin yuro miliyan 11 domin ta saki Amorim a tsakiyar kaka, duk wannan a shekarar da aka rage ma'aikata kusan 250 da sunan tsuke bakin aljihu.

Idan sun yarda da shi a watan Yuli, wasa tara bai isa ya rushe wannan yardar ba. Idan kuwa ba su yarda da shi ba, to kofin da ya ci ne ya ba su kunya, suka ji tsoron abin da magoya baya za su ce, suka ɗage hukuncin da suka riga suka yanke a zuciyarsu. Ni na fi karkata ga na biyun, kuma a nan ne mu ma magoya baya muke da kaso a cikin laifin, domin a makon da aka doke City, mafi yawan muryoyin da ake ji cewa suke yi a bar shi. Makonni uku kafin nan, da Crystal Palace ta ci mu huɗu babu ko ɗaya, muryoyin nan dai su ne suke cewa a kore shi a daren. Hukumar da take auna hukuncinta da yanayin da magoya baya suka kwana a ciki ba za ta taɓa tsayawa a kan tsari ɗaya ba.

'Yar United:
Malam Mai Lissafi ya taɓo abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka sauya koci, halinmu iri ɗaya ne, kamar an rubuta mana shi. Da Ferguson zai tafi a 2013 ya tsaya a tsakiyar fili ya roƙe mu mu mara wa magajinsa baya, muka yi tafi, amma kafin shekara ta zagayo an ɗauki hayar jirgin sama yana shawagi a saman Old Trafford da ƙyallen neman a kori Moyes, mutumin da aka ba kwantiragin shekara shida ya yi wata goma. Van Gaal ya zo muka ce ga dattijo mai tsari, daga baya muka ce wasansa yana sa barci, aka sallame shi kwana biyu bayan ya ɗaga Kofin FA a 2016. Mourinho ya kawo kofi biyu a kakarsa ta farko, ya zo na biyu da maki 81 a kakar da ta biyo baya, muka ce ba ya buga ƙwallo irin ta United. Solskjaer ya fitar da PSG a Paris a Maris ɗin 2019, muka matsa sai an ba shi aikin dindindin tun kakar ba ta ƙare ba, aka ba shi, ya ƙare da ci biyar a hannun Liverpool da huɗu a hannun Watford. Ten Hag kansa, ku tuna irin yabon da aka yi masa lokacin da ya nuna wa Ronaldo cewa babu wanda ya fi ƙarfin doka, sai ga shi da ya yi wa Sancho irin wannan hukuncin an ce taurin kai ne da shi. Yanzu kuma tun da Sporting ta lallasa City da ci huɗu da ɗaya a makon jiya, wasu sun fara lissafin kofuna. Ba na cewa kada a yi murna, Yaya Ɗan Stretford, amma wannan murnar na taɓa ganinta sau biyar.

Baƙon Arsenal:
Da izinin Shugaba, bari maƙwabci ya sa baki, kuma na yi alkawarin ba zan yi tsiya ba. Mu ma mun bi ta wannan hanyar bayan tafiyar Wenger a 2018. Emery bai kai shekara biyu ba, Arteta ya zo a Disambar 2019 bai taɓa jagorantar wata ƙungiya ba, ya gama a na takwas sau biyu a jere, kuma a farkon kakar 2021/22 muka sha kashi a wasa uku na farko na gasar Firimiya ba tare da mun ci ko ƙwallo ɗaya ba. A lokacin yawancinmu korarsa muke nema. Abin da ya cece shi ba haƙurin magoya baya ba ne, domin ba mu yi haƙurin ba. Hukumar ce ta toshe kunnenta, ta yarda ta yi asarar kuɗi wajen rabuwa da manyan 'yan wasa irin su Özil da Aubameyang, ta sayo matasan da suka dace da tsarinsa. Tambayar da ya kamata ku yi ita ce ko hukumarku za ta iya toshe kunnenta idan Amorim ya yi wata uku yana tuntuɓe.

Ɗan Stretford:
Mun gode da nasihar maƙwabci, ko da yake har yanzu kofin Firimiyar da haƙurin naku zai haifar bai iso ba. Akwai kuma misalan da suka saɓa wa naka. Chelsea ta kori Villas-Boas a Maris ɗin 2012, Di Matteo ya ɗauko mata kofin Zakarun Turai a watan Mayu. Ta kori Lampard a Janairun 2021, Tuchel ya sake ɗauko shi wata huɗu bayan haka. Ga Liverpool nan a gabanmu, Klopp ya tafi, Arne Slot ya zo daga Feyenoord, yanzu su ne a saman teburi. Sauyin koci yana aiki idan an zaɓi wanda ya dace.

Mai Lissafi:
Ɗan'uwa, misalan naka ni suke goyon baya. Slot ya tarar da 'yan wasan da aka tara cikin tsari na tsawon shekaru, da ofishin da ya san irin ɗan wasan da yake nema tun kafin a san sunan kocin, shi ya sa Liverpool ta zaɓi wanda salonsa yake kusa da na Klopp, ba ta kuma bukaci sayen kowa sosai ba. Tuchel ma ya tarar da Kanté da Thiago Silva da Rüdiger suna jiran wanda zai tsara su. A United kuwa, tun da shugaban gudanarwa David Gill ya tafi tare da Ferguson a 2013, kowane koci shi ne yake zuwa da jerin sunayensa, a saya masa, a kore shi, magajinsa ya gaji 'yan wasan da bai nema ba, masu albashin da babu ƙungiyar da za ta iya biya. Sai a 2021 ne ma aka fara naɗa daraktan ƙwallo. Ku ƙirga waɗanda suka yi aiki da Ten Hag a Ajax kuma suke cikin tawagar yanzu: Martínez, Antony, Onana, De Ligt da Mazraoui. An biya sama da fam miliyan 80 a kan Antony, ya ci ƙwallo ɗaya tak a gasar Firimiya a kakar 2023/24. Laifin koci ne da ya nema, amma babban laifin na wanda ya sa hannu a takardar ne ba tare da ya ce a'a ba. Rangnick, kocin riƙon ƙwaryar da ya gabaci Ten Hag, ya faɗa a 2022 cewa ƙungiyar tiyatar zuciya take bukata, aka ji haushinsa, aikin ba da shawarar da aka shirya masa ma bai yiwu ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan an bar jaki ana dukan taiki.

Tun da ka ambaci Villas-Boas, ka tuna cewa shi ma matashi ne ɗan Fotugal da ya zo Ingila bayan ya cinye gasar ƙasarsa da Porto ba tare da an doke shi ba, ya haɗa da Kofin Europa, amma bai kai ƙarshen kakarsa ta farko a Chelsea ba.

Malamin Dabara:
Ni bari in yi magana a kan abin da za mu gani a fili. Babu mai musun aikin Amorim. Yana da shekara 39, ya karɓi Sporting a Maris ɗin 2020, ya ba ta kofin gasar Fotugal a 2021 bayan shekara 19 tana jira, ya sake ɗauka a 2024, ya kuma bar ta bayan ta ci dukkan wasanninta na gasar a farkon kakar 2024/25. Amma duk wannan da tsari ɗaya ya yi shi, wato 'yan baya uku, 'yan gefe biyu masu hawa da sauka daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, 'yan tsakiya biyu masu ƙarfin gudu, sai mutum biyu a bayan ɗan gaba ɗaya da suke shigowa ciki maimakon su tsaya a bakin layi. Tawagar United kuwa an gina ta ne a kan 'yan baya huɗu da 'yan gefen gaba irin su Rashford da Garnacho, waɗanda ƙarfinsu shi ne su karɓi ƙwallo a bakin layi su ruga. A tsarin Amorim babu wannan gurbin. Ko dai su koyi wasa a cikin cunkoso, ko su koyi komawa baya su tare, ko su zauna a benci. A tsakiya kuma mutum biyu ne za su rufe filin da uku suka kasa rufewa, kuma Casemiro da Eriksen duk sun haura shekara 30. Ugarte ne kaɗai ya san tsarin, tun da ya yi wasa a ƙarƙashinsa a Sporting.

Ba abu ne da ba zai yiwu ba. Conte ya koma irin wannan tsarin a Chelsea a kakar 2016/17 bayan Arsenal ta ci shi uku, ya mayar da Victor Moses ɗan gefen dama mai hawa da sauka, ya ci wasa 13 a jere ya ɗauki kofin. Sai dai a kakar Chelsea ba ta cikin kowace gasar Turai, yana da mako guda cur tsakanin wasa da wasa domin atisaye. Amorim zai shiga watan Disamba yana buga wasa kusan duk bayan kwana uku, ga Kofin Europa ga Kofin Carabao. Shi da kansa ya bayyana cewa ya so ya jira ƙarshen kaka, aka ce masa ko yanzu ko ya haƙura da aikin. Wannan ma wani sakamakon jinkirin watan Yuli ne da Malam Mai Lissafi ya yi bayani.

Ƙanin Kowa:
Yayyena, ni abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa aka rabu da Van Nistelrooy. Wasa huɗu ya jagoranta, ya ci uku, ya yi kunnen doki da Chelsea, kuma mutum ne da ya ci wa ƙungiyar ƙwallo 150 yana ɗan wasa. Me ya hana a bar shi ya kai ƙarshen kaka, Amorim ya zo a watan Yuni ya fara da atisayen share fage?

'Yar United:
Ƙanena, biyu daga cikin nasarorin ukun a kan Leicester aka same su, ta ukun a kan PAOK, kuma duka wasannin huɗu a gida aka buga. Solskjaer ma da irin wannan farin jinin ya fara, kuma da an bar Ruud ya ci wasa goma, da mu ne za mu cika ko'ina da kiran a tabbatar masa da aikin, hukumar kuma mun ga yadda take yi idan muka ɗaga murya. Duk da haka tambayarka ta biyu tana da nauyi. Jiran watan Yuni ya fi wa Amorim sauƙi, sai dai ina jin sun ji tsoron wata ƙungiyar ta riga su ɗauke shi.

Tsohon Magoyi:
'Yata, to sai mu yi magana tun yanzu kafin zafin wasa ya rufe mana ido. Idan Malamin Dabara ya yi daidai, watanni masu zuwa za su yi ɗaci, za a ga ɗan wasa a gurbin da bai saba ba, za a kuma sha kashi a wuraren da ba a zata ba. Ni abin da zan duba ba matakin da za mu gama a kai ba ne. Zan duba ko a watan Janairu da na Yuni za a sayo 'yan wasan da za su yi amfani ko da Amorim ya tafi, ko kuwa za a kwaso masa yaran Sporting kamar yadda aka kwaso wa wancan yaran Ajax.

Ɗan Stretford:
A kan wannan na yarda da kai, Baba, amma idan Gyökeres ɗan gaban Sporting ne za a kwaso, wanda ya zura wa City uku shi kaɗai, ba za ku ji bakina ba. Malamin Dabara, wa kake ganin zai buga gefen hagu a wasan Ipswich ranar 24 ga wata?

Malamin Dabara:
Nan ne babbar matsalarsa ta farko. Shaw bai buga wa ƙungiyar wasa ba tun watan Fabrairu, Malacia kuma ya yi jinyar kakar bara gaba ɗaya, don haka ko sun dawo atisaye ba za a ɗora musu gudun minti casa'in a wannan gurbin nan take ba. Ina ganin Dalot zai koma hagu, ko da yake ƙafar dama ce ƙarfinsa. A dama kuwa zaɓin yana tsakanin Mazraoui da Amad, kuma idan Amad aka sa a can, to Mazraoui zai shiga cikin 'yan baya ukun.